Ranar da Turai Ta Kira Gayya

Duk wanda ya bi hanyar Zoza zuwa Rogo da damina ya san gonar Turai, ko da bai san mai ita ba. Kunyoyinta a miƙe suke kamar kitson ranar salla, kuma babu ciyawar da ta isa ta kwana biyu a cikinsu. Gyaɗa take nomawa, ita kaɗai, shekara goma sha tara ke nan tun rasuwar mijinta Habila.

'Yar Barau ce, sarkin noma na ƙarshe a ƙauyen Gidan Dogara, mutumin da ya karɓi Almasihu da furfura a kansa. Ya fasa tulun giya, ya watsar da tsafin gidansu, amma taurin kai bai bi su ba. Shi ya bar wa 'yarsa gado, haɗe da wata fartanya mai ƙotar ƙirya.

A cocin ƙauyen akwai ƙa'ida tun zamanin dattawan farko. Idan aikin gona ya fi ƙarfin mutum, sai ya miƙe ranar Lahadi a lokacin sanarwa, ya faɗa da bakinsa cewa yana kiran gayya. Ba a aika wani, ba a faɗa a madadin kowa, ba a kuma shiga gonar wanda bai kira ba. Turai ba ta taɓa fashin gayyar kowa ba. Ita ce farkon zuwa, ita ce ƙarshen tashi, tana tafe tana gyara kunyar wanda ke gefenta. Amma ita, ko sau ɗaya ba ta taɓa miƙewa ba.

Addu'arta ma haka take. Takan durƙusa da asuba a bakin gona ta ce, “Ubangiji, na yi huɗa, na yi shuka, na zuba taki. Saura naka. Ina son ruwa ranar Laraba, kada ya yi yawa.” Idan ruwan ya zo Laraba, sai ta gyaɗa kai kamar wadda ta aiki mutum ya dawo da saƙo daidai. Idan ya kai Juma'a, sai ta yini ba ta kalli sama ba.

A shekarar da ta cika sittin da biyu gyaɗa ta yi kyau irin wanda ba a taɓa gani ba. Ana saura 'yan kwanaki a fara cira, tana dawowa daga kasuwar Rogo, babur ɗin da ya ɗauko ta ya zame a yashi. Ɗan acaɓan ya tashi yana karkaɗe riga. Turai ba ta tashi ba. Ƙafar dama ta karye a ƙasan gwiwa, maɗori ya ɗaure ta da karare, ya ce wata biyu ba taka ƙasa.

Kwana uku bayan haka aka yi ruwan ban kwana. Kowane manomin gyaɗa ya san ma'anarsa: kwana bakwai, ko takwas idan an yi sa'a, ƙasa tana da danshi. Daga nan sai ta ƙeƙashe ta riƙe 'ya'yan gam, ka ja ganye ya biyo ka, gyaɗar ta zauna a ciki.

Mariya, ƙanwar marigayi Habila kuma shugabar zumuntar mata, ta zo gaisuwa ran Asabar da kwanon fate.

“Matar yaya, ya jiki? Gobe fa Lahadi.”

“Na san kwanaki, Mariya. Ƙafa ce ta karye, ba kai ba.”

“To ki miƙe ki faɗa. Kalma nawa ce?”

“Da wace ƙafar zan miƙe?”

“Da bakin da kike yi mana faɗa a gonakinmu. Wannan kam ban ga an ɗaure shi da kara ba.”

Turai ta ture kwanon gefe. “'Yar Barau ba ta roƙon hannu. Ku da kuke barin rabin gyaɗa a ƙasa, ku ne za ku cire tawa?”

Lahadi ta zo ta wuce, ba ta je coci ba. Ɗanta ya bugo waya daga Kaduna, ta ce masa komai lafiya ƙalau, an kusa gama cira. Litinin da sassafe ta ɗauki sanda, ta rataya fartanyar ubanta, ta ja jiki zuwa gona. Tafiyar da take yi kafin ruwan koko ya tafasa, ranar sai da hantsi ya dubi ludayi. Ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafar mai ciwo, tana tono tana jan gindi. Ranar farko kunya biyu. Rana ta biyu kunya ɗaya da rabi. Gonar kuwa kunya ɗari da ashirin ce.

Ranar Alhamis Bara'atu ta same ta a haka. Maƙwabciyarta ce Musulma daga tsallaken rafi, mai ƙuli-ƙuli, wadda ta shekara goma sha tara tana soya gyaɗar Turai.

“Innalillahi! Ta Barau, ke ce kike rarrafe kamar mai koyon zama?”

“Wuce ki ba ni wuri.”

“Ina zan wuce, man bana yana nan a ƙarƙashinki? Ke dai kin fi son ƙasa ta ci da a ce wani ya taɓa. Mu dai a wajenmu girman kai na Mai Sama ne shi kaɗai. Ko ku an raba muku ne a coci?”

Da Bara'atu ta tafi, Turai ta kama wani gindi mai yabanya, ta tona, ta ja. Ganye ya biyo ta, saiwa fayau, ba ƙwaya ko ɗaya. Ta sa yatsa ta ƙwaƙule, ta ji su can ƙasa, cike, a daskare. Tudun gonar ya riga ya fara rufe bakinsa.

Rana na tsaka. Ta ɗaga kai ta dubi sama, ido cikin ido.

“Na ce maka ka ba ni lafiya har in gama cira. Abu ɗaya na ce! Shekara goma sha tara, ka taɓa ganin na yi maka lalaci? Ka taɓa jin na kai ƙarata wurin wani?”

Wata kurciya ce kawai ke kuka a kan ɗorawa. Turai ta sunkuya, fushi na cin ta, sai idonta ya faɗa kan wani fure rawaya da ya makara, wanda ya riga ya yanƙwane ya lanƙwasa wuya yana neman ƙasa. Ta san wannan tun tana yarinya. Furen gyaɗa ba ya haihuwa a tsaye. Sai ya sunkuya, ya cusa kai cikin turɓaya, can cikin duhu inda fartanya ba ta gani. Shekara da shekaru tana cewa “gyaɗata”, alhali ko ɓawo ɗaya ba ta san yadda ake rufa shi ba.

Sannan ta ce, “To. Na ji. Ba don ka fi ni baki ba, tunda ba ka ce komai ba. Gonarka ce. Ka yi yadda ka ga dama.”

Amma ƙa'ida ƙa'ida ce, sai Lahadi. Kwana uku ta zauna a ƙofar ɗaki tana jin rana na gasa mata gona, ba ta iya komai. Ta ce daga baya, karayar ba ta kai waɗannan kwanaki ciwo ba.

Ranar Lahadi a coci, da aka zo sanarwa, ta dafa sanda ta miƙe. Mariya ta kawo hannu, Turai ta buɗe baki za ta kore ta, sai ta fasa, ta jingina da kafaɗarta a gaban kowa.

“Ni ce Turai 'yar Barau,” ta ce, kai a ɗage. “Kun san ni. Na gyara wa kowannenku kunya, ba wanda ya roƙe ni. Yau na kasa. Ina kiran gayya gobe. Wanda zai yi dariya ya yi yanzu, in ji da kunnena, kada ya kai ta gonata.”

Wani tsoho a baya ya yi tari. Babu wanda ya yi dariya.

Washegari mutum talatin da huɗu suka zo, har da 'ya'yan Bara'atu maza biyu, ita kuma ta aiko da kunun zaƙi a bokiti. Aka zaunar da Turai a gindin ɗorawa. Nan ne aikinta ya fara. Sun soma daga fadama, ita da kullum daga tudu take farawa. Suna tara harawa a karkace. Wata ma da ƙafa take karkaɗe ƙasa. Sau uku Turai ta ja numfashi za ta yi magana, sau uku ta haɗiye. Mariya ta juyo tana share gumi.

“Matar yaya, shiru? Ko bakin ma ya karye?”

“Yi aikinki. Da Mai gonar nake magana.”

Kafin la'asar sun gama. Kashi biyu cikin uku ya fito. Na tudu ya zauna a ƙasa, mako gudan da ta ɓata ne ya cinye shi, kuma ba ta ɗora wa kowa laifin ba.

A da ba a roro a gonar Turai, domin ba ta barin abin da za a tsinta. Bana ta aika tsallaken rafi da cikin ƙauye, ta ce duk macen da ke da ƙarfin fasa tudun nan, abin da ta tono nata ne. Bara'atu ta zo da tsohon sungumi da ƙwarya.

“Ta Barau, ashe ana shiga gonarki a fita da rai?”

“Ki tona a hankali,” in ji Turai. Ta dubi yadda matar ta riƙe sungumin a baibai, leɓenta ya motsa. Sai ta gyara zaman ƙafarta, ta juya fuska wajen rafi.