Jarka Huɗu da Ido Ɗaya

Jiya da rana famfo ya ɗauke a shagona na unguwar Kinkinau, sai na sha ruwan da ya yini cikin jarka a bayan mota. Ɗumi ne da warin roba. Kafin in haɗiye na ga kaina ina ɗan shekara goma sha biyu, zaune a gindin wani jan dutse can bayan Agadas.

Ga abin da muka tafi da shi: hutun kwana goma da aka ba Abba a ofis, jarka huɗu ta ruwa, da ido ɗaya da ya rage wa Kaka, shi ma yanar ido ta fara rufe shi. Kaka shi ne mahaifin Abba. Da ƙuruciyarsa ya bi ayarin gishiri, a cikin duwatsun nan ƙanensa ya rasu, ya binne shi da hannunsa. Shekara hamsin yana zaune a unguwar Abakpa yana cewa zai koma ya yi masa addu'a a bakin kabari. Da likita ya ce idon ba zai kai baɗi ba, Abba ya nemi hutu. Ni aka ɗauka in riƙe wa Kaka sanda.

Ba zan ɓoye muku ba, wurin yana da kyau. Duwatsu ne tsaye cikin rairayi, wani kamar rumbu, wani kamar raƙumi a durƙushe, iska ta sassaƙe su har ta huda wasu. Da la'asar sai su koma launin goron da aka tauna. Amma abin da jikina ya riƙe gajiya ce: yashi a haƙora, leɓe a tsage, ƙugu kamar an daka.

Tun da muka bar rijiyar ƙarshe Abba yake cika buta yana alwala sau uku-uku, kamar yana bakin famfon gida. Kaka ya ji ƙarar ruwa a ƙasa.

"Kai ma'aikaci, me nake ji?"

"Alwala ce, Baba."

"A nan taimama ake yi. Ruwa na maƙogwaro ne."

"Taimama ga ruwa a jarka? Raina bai kwanta ba."

"To, ƙishirwa za ta kwantar da shi."

Kaka ya dafa dutse ya shafa fuska da hannuwa. Abba bai fasa ba, ni ma na bi ubana ina kwarara nawa. Kwana biyu, salla goma, buta ashirin.

Yammacin rana ta biyu direbanmu, wani Buzu mai ƙarancin magana, ya kafa mana tanti inda dutse ya tare iska. Ya ce sauran yini ɗaya mu kai wurin da Kaka ke kwatantawa, kuma babu rijiya a tsakani. Da gari ya waye ya ɗaga jarkunan ɗaya bayan ɗaya. Mota ta yi zafi a hanya ta sha nata, mu mun sha namu, alwalarmu ta cinye fiye da jarka guda. Ya ce, "Ko mu juya yau, ko a zo neman mu."

Abba ya zauna a kan taya, ya kasa duban kowa. Ban taɓa ganinsa haka ba. Kaka ya miƙo mini sanda ya ce in zagaya da shi. Muka bi duwatsun nan yana shafa su da tafin hannu. A gaban wani mai rami a tsakiya ya tsaya ya ɗaga murya.

"Ai ga shi nan! Tsufa ne ya sa na ɓata wa direba kwatance."

Abba ya taso da gudu, hularsa ta faɗi. Muka ɗaga hannu muka yi addu'a mai tsawo, hawaye na bin gemun Abba. Direba ya naɗe tanti.

Bayan shekara idon Kaka ya rufe. Wata rana ina yanke masa farce a zaure sai ya ce, "Abokina, dutsen ƙanena baƙi ne. Wancan ja ne, ko da rabin ido na gani."

"To me ya sa, Kaka?"

"Da mun juya haka, ubanka zai ɗauki laifin har kabarinsa. Addu'a kuwa ta san hanya. Kada ka gaya masa."

Ban gaya masa ba. Abba ya rasu yana ba mutane labarin yadda ya kai mahaifinsa kabarin ƙanensa.

Yau ina sayar da kayan gyaran mota, ina da motar da za ta ɗauki jarka arba'in. Sai dai hanyar ba ta biyuwa kamar da, wanda ya san baƙin dutsen kuma yana ƙarƙashin ƙasa. A sana'ata, wanda aka miƙa wa abin da ba shi ya nema ba, shi aka cuta. Wannan cinikin na sha juya shi, kullum a baibai yake fitowa. Abba da aka ba dutsen da ba shi ba, shi ya ci riba. Kaka ya yi asarar jiran shekara hamsin a kan buta ashirin, goma daga ciki nawa ne. Ni kuma aka bar mini dakon maganar, kuma na gaji.