Kangon da Turawa Ke Zuwa Kallo

Ban taɓa mantawa da ranar da na yi wa mai arziki jaje ba. Ni ne wawan labarin, saboda haka ku sababbin direbobi ku adana dariyarku sai na gama.

Lokacin ina watan gwaji a kamfanin yawo da baƙi a nan ƙasar Turawa. Gwaji kuwa shi ne, ƙorafi ɗaya ya isa ofis, ka ajiye makulli ka koma neman aiki a titin Gate City Boulevard. Shugabar direbobi, Madam Linda, ta ce in kai baƙi wani shahararren gida, wai ginin zamani, alhali ya girme ni. Ta ƙara da cewa, "Alhaji, tuƙi kawai, ban da surutu."

Muka isa, na ƙare masa kallo. Bulo tsirara ba filasta, sama a shafe ba kwano, bangon falo gilashi zalla, ko labule babu. Baƙi na ta ɗaukar hoto, ni kuwa tausayi ya kama ni. A Kano mun san irin wannan: kango ne, ƙarfi ya ƙare wa mai shi.

Da matar gidan ta fito, wata tsohuwa da sandarta, sai na yi abin da ɗan mutunci ke yi. Na tattaro Turancina na aji huɗu na ce, "Mama, sannu da haƙuri, Allah ya hore a ƙarasa. Ina da aboki kafinta, Malam Isa ɗan zangon Kumasi, zai ɗora miki rufi. Labule kuma Hajiyata na ɗinkawa."

Na ce a raina, makulli ya tafi.

Tsohuwa ta yi dariya har da hawaye. Ta ja ni falo ta zaunar da ni, ta ce marigayi mijinta ne ya hana labule, don su riƙa karya kumallo suna kallon bishiyoyi. Na kalla. Wallahi da daɗi, kamar kana zaune a gindin inuwa ba sauro.

Washegari Madam Linda ta kira ni ofis, fuska a ɗaure. Ta ce tsohuwa ta bugo waya, wai daga yau ni take so in riƙa kawo mata baƙi. Aka tabbatar da ni. Abin da na koya ke nan a wannan sana'a: ka yi tambaya kafin ka yi jaje.

Na dawo gida ina yi wa Hajiya lacca cewa gida ba kwano ba labule shi ne wayewa. Ko ɗagowa daga keken ɗinkinta ba ta yi ba, ta ce, "Madalla. To naka na Kano da ya yi shekara da shekaru ko ƙofa babu, yaushe za ka fara kai masa Turawa?"