Almakashi da Mujallar da Ake Yagawa

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi matar da abokan aikinta da masu karanta mujallarta suka sani da laƙabin Almakashi a shekarar 1961, a wani gari mai matsakaicin girma, a ɗakin da ke bayan shagon mahaifinta, daura da tashar mota. Mahaifin nata mai rubuta allunan shaguna ne, mahaifiyarta kuma tela ce da ta yi suna a unguwa wajen ɗinkin kayan makaranta. An ga dacewar rubuta tarihinta ne saboda dalili guda: ta shafe shekara ashirin da biyar tana tsara wata mujallar waƙa ta matasa mai suna Amshi, amma ranar da ta rasu babu cikakken kwafi ko ɗaya na wannan mujalla a hannun iyalinta, kuma ba kowa ya jawo haka ba sai ita kanta, da irin tsarin da ta yi wa mujallar.

Mahaifiyarta ce ta laƙaba mata sunan tun tana 'yar shekara biyar, domin duk sa'ad da almakashin ɗinki ya ɓace, a hannunta ake samunsa tana yanka tsofaffin jaridu. A wannan ɗakin ne kuma ta gano cewa idan aka zare zare daga keken ɗinki, aka bi da takarda ƙarƙashin allura, sai ta fito da layin 'yan huji, ta kuma yage a kan layin tsaf kamar an sa rula. Ta dakushe allurai da dama kafin ta ƙware, ta kuma sha ranƙwashi daidai gwargwado.

Karatu

An sa ta firamare a 1968, ta wuce sakandaren 'yan mata ta kwana a 1974, inda aka damƙa mata allon sanarwa na makaranta bayan da ta cire duk takardun da ke kansa ba tare da izinin kowa ba, ta sake jera su ta yadda za a iya karantawa daga nesa. A 1979 ta sami gurbin karatu a kwalejin fasaha, sashen zane da ɗab'i, ta kammala a 1982 da sakamako mai kyau. Malamanta sun shaide ta da tsaftar aiki da kuma taurin kai, kuma babu wanda ya taɓa samun damar raba ta da ko ɗaya daga cikin biyun.

Kama aiki da kafa Amshi

Ta fara aiki a 1983 a wata maɗaba'a, tana tsara kalanda da katin biki. A 1986 mai maɗaba'ar ya yanke shawarar fitar da mujallar waƙa ta wata-wata domin matasa, ya ɗauko wani tsohon ɗan jarida ya naɗa shi edita, ya kuma ba Almakashi tsara shafuka. Ofishinsu ɗaki ne guda a saman bene, da dogon tebur mai gilashi da fitila a ƙarƙashinsa, da rediyo mai cin kaset, da ƙarar inji da ke tasowa daga ƙasa har shayi ya riƙa rawa a kofi.

Fitowa biyu na farko an tsara su yadda aka koyar a kwaleji: babban hoton mawaƙi a shafin tsakiya, baitocin waƙarsa a bayan hoton, domin komai nasa ya zauna wuri ɗaya. Kowa a ofis ya yaba. Sai a ƙarshen wata na biyu Almakashi ta kai wa ƙanwarta, autar gidansu, ziyara a makarantar kwana, ta iske ta da aminiyarta sun daina magana da juna. Sun haɗu sun sayi mujalla ɗaya, sun zare shafin tsakiya. Ɗaya na so ta liƙa hoton a ƙofar akwatinta, ɗaya na so ta haddace baitocin da ke bayansa, suka ja har fallen ya rabu biyu ta kan hancin mawaƙin. Almakashi ta zagaya ɗakin kwanan ta ga babu mujalla cikakkiya ko ɗaya, sai fallaye a jikin bango da cikin littattafan lissafi.

Ta koma ofis ta ce wa edita za ta rushe tsarin baki ɗaya. Kowane falle zai tsaya da kansa: hoto da talla a bayansa, baitoci a fallensu, darasin kiɗa a nasa, hira kuma ta fara ta ƙare a falle guda, sannan a bi gindin kowane falle da layin huji.

"Malama, mu muna nan muna gyara waƙafi da aya, ke kuma so kike a yaga mana aiki?" in ji edita.

"Ai yagawa suke yi, ranka ya daɗe, ko mun so ko mun ƙi," ta ce. "Abin da ya rage mana shi ne mu sa ta yagu da kyau."

Maɗaba'ar ba ta da injin yin huji, don haka ta kwashi damman fitowa ta uku ta kai shagon mahaifiyarta, teloli suka zare zare daga kekunansu suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Uwar ta dubi tarin allurai da suka dakushe ta ce ashe ranƙwashin nan duk a banza ta yi shi. Wannan fitowa ta uku ta ƙare a kasuwa cikin mako guda, kuma daga nan Amshi ta zama mujallar da 'yan aji ɗaya ke saye su raba, kowa ya tafi da rabonsa ba tare da faɗa ba.

Aure

A 1987 maɗaba'ar ta aike ta wurin wani mai ɗinkin littattafai a layin baya, mutum mai sanyin magana wanda ya ɗauki yaga takarda a matsayin laifi babba. Da ya ji ita ce mai tsara Amshi, ya yi mata doguwar nasiha a kan mutuncin littafi. Tana sauraro, ya buɗe kabad ɗin kayan aikinsa zai ɗauko zare, sai ga shafin tsakiya na fitowa ta uku liƙe a cikin ƙofar, an shafe shi da gam mai ƙarfi irin wanda masu sana'arsa kaɗai ke da shi.

"Malam, wannan fa?" ta tambaya.

"Wani ne ya liƙa," ya ce, bai dube ta ba.

"To, Allah ya yi wa wanin nan albarka, hannunsa bai karkace ba."

An ɗaura musu aure a 1988. Tun daga watan farko maigidan ya ɗauki alwashin ajiye cikakken kwafi na kowace fitowa, domin wata rana ya ɗinke su cikin manyan kundaye, ya ce aikin da ba a adana ba tamkar ba a yi shi ba ne. Ita kuwa ta ce ya yi ta ajiya, ba ta hana shi ba.

'Ya'ya

Allah ya albarkace su da 'ya'ya huɗu tsakanin 1989 da 1997. Su ne kuma suka yi wa ajiyar ubansu ta'adi, domin da zarar ɗayansu ya kai shekarun son waƙa sai ya gano inda akwatin ajiyar yake. Ya canza wa akwatin wuri sau da yawa, ya sa kwaɗo, amma a banza. Ya kai ƙara wurin uwarsu, ta ce ba za ta iya hukunta yaro a kan abin da ta huda masa hanya da hannunta ba.

Rikicin gam

A 1996 mai maɗaba'ar ya rasu, ɗansa ya gaje shi. Magajin yana da hujjarsa: masu talla suna son mujalla mai sheƙi da za ta daɗe a kan tebur, ɗakunan karatu kuma sun ƙi karɓar Amshi domin ba ta kwana cikakkiya. Ya umarta a daina hujin, a riƙa haɗe shafuka da gam. Almakashi ta bayyana masa ra'ayinta sau ɗaya a gaban ma'aikata, ta tsara masa fitowar yadda ya nema ba tare da ha'inci ba, sannan ta ɗauki rularta ta koma gida.

Maigidanta ne kaɗai ya yi farin ciki, don a karon farko ya ga aikin matarsa a siffar da zai iya ajiyewa. Amma matasa ba su fasa yagawa ba. Sai dai yanzu shafukan suna yagewa a karkace, suna tafiya da rabin baiti, kuma babu yadda za a raba mujalla ɗaya tsakanin abokai. Bayan fitowa uku, dammai suka fara dawowa daga masu sayarwa har suka toshe matakalar bene. Magajin ya zo gidanta da kansa, suka daidaita: sheƙin takarda ya zauna, hujin ya dawo, ya kuma sayi injin yinsa. Kwafin nan uku masu gam da maigidan ya ɓoye, daga baya babbar 'yarsu ta bi su da reza.

Shekarun ƙarshe

Ta koyi tsara shafi a kwamfuta a 1999, ta horar da matasa masu zane da yawa, kuma abu na farko da take sa kowane sabon ɗalibi ya yi shi ne ya yage shafin da ya tsara ya ga ko fallen zai iya rayuwa shi kaɗai. Da waƙa da hotuna suka koma cikin wayar hannu, kasuwar Amshi ta ja baya, aka rufe ta a 2011. Ragowar kwafin da ke ɗakin ajiya na maɗaba'a ruwan sama ya lalata su a shekarar da ta biyo baya.

A 2015 kwalejin da ta yi karatu ta nemi shirya baje kolin ayyukanta, aka yi ta cigiyar cikakken kwafi ko da ɗaya ne, ba a samu ba, aka fasa. A gaban mutane ta yi dariya ta ce wannan ai shaida ce cewa aikin ya yi kyau. A gida kuwa abin ya taɓa ta ƙwarai. Ta ce wa maigidanta, "Malam, wataƙila kai ne da gaskiya. Jikokina za su tambayi me na yi, a rasa abin nuna musu." Shi da ya shekara kusan talatin yana jiran wannan magana, da ta zo bai ji daɗinta ba ko kaɗan, ya ce mata ta bar zancen.

Rasuwa

Ta rasu a 2019 bayan gajeriyar jinya, tana da shekara hamsin da takwas. An yi mata sallah a ƙofar gidanta, aka kai ta makwancinta a maƙabartar unguwa, kusa da mahaifiyarta.

A cikin masu zuwa ta'aziyya akwai wata ma'aikaciyar jinya mai furfura, wadda iyalin ba su sani ba. Ta buɗe jakarta ta ciro wani falle da ya yi ja don tsufa, baitocin waƙa ne daga fitowa ta uku, ta ce tun tana aji biyu take tare da shi, ta kawo ne a gani. Aka ajiye shi a kan teburin aikin maigidan. Labari ya bazu, sai ga direbobi, malaman makaranta, 'yan kasuwa da wani alƙali mai ritaya, kowa da nasa fallen, wani daga ƙasan akwati, wani daga cikin firam ɗin hoto. Maigidan ya ware na fitowa ta uku yana jera su bisa lambar shafi, har suka cika, ban da na tsakiya.

Ya daɗe yana kallon gurbin. Sannan ya tashi ya ɗauko sukudireba, ya kwance ƙofar tsohon kabad ɗinsa, domin gam ɗin da aka liƙa hoton da shi ba ya ɓamɓaruwa, ya kawo ƙofar ɗungurungum ya kwantar a tsakiyar fallayen. Ya kira jikoki ya ce su zo su ga aikin kakarsu, suka bi shi shafi-shafi daga farko har ƙarshe.

Babban ɗansa ya miƙo masa allura da zare. "Baba, ga shi ta cika. A ɗinke ta mana."

Tsohon ya karɓi allurar, ya juya ta a hannu, ya mayar cikin gwangwaninta.

"A'a," ya ce. "Ku mayar wa kowa nasa. Ba don teburina ta yi ta ba."

Aka bi masu fallayen ɗaya bayan ɗaya aka mayar musu, shi kuma ya mayar da ƙofar kabad ɗinsa inda take a da.

Marigayiyar ta bar mijinta da 'ya'ya huɗu: babbar 'yarta, malamar zane a sakandare, babban ɗanta, wanda ya gaji sana'ar ɗinkin littattafai, mai bi masa, injiniyan sauti a gidan rediyo, da auta, wadda ke riƙe da keken ɗinkin kakarta. Ta kuma bar jikoki bakwai. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta.