Duman Ilu da Shanun Cindo

Idan ka shiga Ɗanzomo a shekarun nan na saba'in ka ce a kai ka gidan Ilu, sai an tambaye ka, "Wane Ilun? Na masallaci ko na duma?" To, na duman nake so in ba ku labarinsa. Gajeren mutum ne mai faɗin tafin hannu, ba ya son doguwar magana, sai fa in an taɓo zancen duma. Nan kam sai ka nemi wurin zama.

Mafafi ne, wato mai fafe duma ya fitar da ƙorai, kuma gadon uwa ya yi, ba na uba ba. Mahaifiyarsa, Iya Kyauta, ita ta zo da irin wani duma daga ƙauyensu can wajen Maigatari. Duman masaki ne, irin wanda in an cika ɓari ɗaya da fura sai mace biyu sun kama. Bayan rasuwarta Ilu ya ci gaba da shuka shi a ɗan lambun da ke bayan gidansa, ya kewaye da dangar ƙaya saboda awaki.

Abin da ya raba shi da sauran mafafa shi ne zane. Kowa sai ƙwarya ta bushe yake ɗora mata wuƙa mai zafi. Shi kuwa Ilu tun duma yana ɗanye a jikin uwarsa, bai wuce kan jariri ba, yake tsugunawa da farar ƙaya ya riƙa jan layi a hankali. Wurin ya yi ɗan ruwa, ya warke, ya bar tabo. Duma na girma, zanen na girma tare da shi. Yakan ce, "Ni rabin aikin nake yi, rabin kuma duman ne ke ƙarasawa. Wani lokacin ma ya gyara mini kuskure." Doka ɗaya gare shi da ba ya ƙetarewa. A tsakiyar kowane duma yakan bar fili mai faɗin yatsa huɗu, zagaye kamar ɗamara, babu zane ko ɗaya, don nan ne hanyar wuƙa ranar fafewa.

Sai ga farin saba'in da uku. Ba sai na tsaya ba ku bayani ba, wanda ya gan shi ba ya son a tuna masa. Sau biyu Ilu yana shuka, sau biyu tana ƙonewa. Ɗan irin da ya rage a rumbu kuma ɓeraye suka gama da shi, su ma yunwar ce. Sai a daminar saba'in da biyar matarsa Murja ta tsinto ƙwaya uku a gindin tsohuwar tukunyar Iya. Biyu suka ruɓe a ƙasa. Ɗaya ta fito, ta yi yaɗo, ta zubar da fure har Ilu ya fid da rai, sannan ta kama ɗa guda ɗaya tak.

A wannan lokacin ne amininsa Cindo ya mai da lambun wurin zamansa. Bafulatani ne na rugar da ke gabas da gari, farin ya ci masa shanu ashirin da uku ya bar masa biyu. Shi Ilu jinin Mangawa ne, don haka tsakaninsu wasa ne tun suna samari.

Wata rana da hantsi Cindo ya same shi tsugune da ƙaya a hannu, ya ce, "Kai Bamange, me za ka zana wa ɗan autan naka?"

"Ina ruwan bawa da aikin ubangidansa?"

Cindo ya yi dariya. Can ya ce, "Zana mini jar nan tawa mana, mai karyayyen ƙahon hagu."

Ilu ya zana ta. Washegari Cindo ya dawo da wata, mai farin goshi da ba ta yarda kowa ya tatse ta sai Adda Asama'u, matarsa. Jibi kuma bijimin da ya taɓa korar mai unguwa har kan katanga. Shi yana faɗa, Ilu yana ja, suna dariya. Sai da saniya ta ashirin da uku ta hau duman sannan Ilu ya ja da baya ya duba. Garken ya zagaye duman kaf, a tsakiya, daidai kan hanyar wuƙa. Shekara arba'in yana wannan sana'a, bai taɓa yin wannan kuskuren ba.

Duman ya girma har mutum ba ya iya rungume shi da hannu biyu, shanun ma suka yi ƙiba a jikinsa. Aka cire shi, ya bushe, in an girgiza sai ka ji 'ya'yan na kacau-kacau a ciki. Irin Iya ke nan gaba ɗaya, babu ƙwaya ɗaya a wani wuri. Kullum Murja sai ta ce, "Malam, a fafe abin nan a adana irin." Kullum sai ya ce gobe. Ya san in wuƙa ta bi, kawunan shanun za su tafi ɓari ɗaya, ƙafafunsu ɗaya ɓarin.

Ana nan da rani aka yi shelar nunin amfanin gona da sana'o'in hannu a Gumel, kwana uku. Malam Hussaini, malamin gona, yana zagayen ƙauyuka a kan babur ya ci karo da duman, ya yi ta roƙo har Ilu ya yarda. A motar kasuwa suka tafi, duman a cinyar Ilu lulluɓe da bargo, Cindo da Adda Asama'u a gefe, ita da ƙwaryar nononta.

Filin ya cika da rumfunan zana. Ga masaƙa, ga dukawa, ga masu lambu da albasa da kabewa, ga zanen itatuwa da 'yan makaranta suka yi an lilliƙa a allo. Ana raba dashen darbejiya kyauta, mai lasifika yana ta jan hankali cewa wanda ya sare ɗaya ya dasa biyu. Amma rumfar Ilu ita ta fi tara jama'a. Manoma su yi ta mamakin girman duman. Fulani kuwa in sun zo sai su zagaya shi a hankali, wani ya nuna da sanda ya ce, "Wannan kamar tawa."

Rana ta uku bayan azahar Malam Hussaini ya zo yana fara'a. Ya ce, "Baba, albishirinka! Alƙalai sun ce kai ne na ɗaya. Da la'asar mota za ta wuce da shi Kano, a sa shi a akwatin gilashi da sunanka a jiki."

Ilu ya ce, "Madalla. Yaushe zai dawo?"

"Ai ba dawowa, Baba. Can zai zauna, duniya ta riƙa gani."

Ilu ya ɗaga duman ya girgiza. "Da waɗannan a ciki?"

"Iri ne damuwar? Zan samo maka a ofis, ingantacce."

"Na Iya ne?"

Malam Hussaini ya roƙe shi kada ya fafe duman. Ya ce dai alƙalan sun ce in an raba shi biyu ya zama ƙwarya kamar kowace ƙwarya, ba za su ɗauka ba. Ilu bai damu da Kano ba. Amma maganar ta tuna masa cewa damina ta kusa, goben da yake faɗa wa Murja ta ƙare. Ya zaro wuƙar fafa daga jakarsa, ya zauna, ya dafe duman da gwiwa. Bakin wuƙar ya sauka a wuyan jar saniyar, hannun ya ƙi motsi.

Cindo ya tsuguna kusa da shi ya ce, "Yanka, Ilu. Ai sun riga sun mutu."

"Rufe mini baki, ɗan Fulani."

Ana haka Adda Asama'u ta ratso jama'a, ta sauke ƙwaryarta. Ta ce, "Kai Ilu, duk tsufanka a duma ba ka taɓa ganin yadda muke yi wa gorar kaɗa nono baki ba? Huda shi ta wajen hanci, inda ya kama jikin uwarsa, ka zuba tsakuwa, ka girgiza."

Mafafan da ke rumfar kusa suka kwashe da dariya. Wani daga Gagarawa ya ce, "Yau ga masaki zai zama gora!"

Ilu ya ce, "Adda, wa ya taɓa yi wa masaki baki? In na huda shi ba zai taɓa ganin fura ba. Ya tashi daga ƙwarya, bai zama gora ba."

Ta ce, "To, shanun mijina ma ai ba nono za su ba mu ba."

Ilu ya daɗe yana kallon duman. A saninsa, duman da bai shiga hannun mace ya yi aiki ba asarar ruwa ne. Amma kwana uku ke nan yana ganin manyan mutane na tsayawa a gaban wannan suna share ido da bakin rawani, kuma bai san sunan da zai ba wannan aikin ba. Ya juya duman, ya kafa wuƙa a gindin hancin, ya yanke ɗan zagaye kamar bakin kofin shayi. Adda ta miƙo masa tsakuwa da siririn kara. Ya zungura, ya girgiza, ya kifa a kan rigarsa. 'Ya'yan suka riƙa zubowa tare da busasshiyar totuwa, har tsakuwa kaɗai ta rage tana ƙara.

Ya tsince masu kyau. Sannan ya yi abin da Iya ba ta taɓa yi ba, ita da ko maƙwabciya ba ta ba ƙwaya ɗaya. Ya kira mafafin Gagarawan nan da ya yi masa dariya ya zuba masa a tafi. Ya ba wani na Sule Tankarkar, ya ba wata tsohuwa 'yar Maigatari, ya ba Malam Hussaini. Ya ce, "Rumbu ɗaya na amince wa, ya kusa kashe ni."

Da yake ba a raba shi biyu ba, da la'asar aka ɗora duman a mota cikin buhun ƙaiƙayi. Cindo ya bi shi har bakin motar, ya shafa shi sau ɗaya, ya juyo yana tambayar ko akwai mai goro.

Ilu bai taɓa zuwa Kano ya gan shi ba. Abin da ya yi a daminar nan, da nasa suka fito guda tara, sai ya bar wa Murja lambun ya shiga mota yana bin mutanen da ya ba irin gari-gari. Na Sule Tankarkar akuya ta cinye. Na tsohuwar Maigatari sun hau rumfa har sun rufe ta. A Gagarawa kuwa ya tarar mutumin ya shuka nasa dab da katanga inda rana ba ta kaiwa, Ilu ya tsaya a ƙofar gidan yana ta faɗa, sai da aka kawo masa ruwa da tabarma.