Garwashi Uku a Murhun Hajjo

Ina zaune gaban keken ɗinkina a Ikara, kwana uku ba lantarki, ga kayan biki sun taru, sai na ji a rediyo wai za a tura wa wata ƙasa maƙwabciyarmu lantarki don ta farfaɗo bayan yaƙi.

Na ja tsaki. "Mu da ba ta ishe mu ba, har mun samu ta bayarwa?"

Kakata tana ɓarar gyaɗa a tabarma. Ta ce, "Ke 'yar nan, zamanin Turawa, da babana ya dawo daga yaƙi muka koma gidanmu na Saulawa, muka tarar damina ta rushe shi. A rumfa muka zauna, ko ashana babu. Kullum da safe maƙwabciyarmu Hajjo take kawo mana garwashi a kasko."

"Ai tana da shi ne, Iya."

"Ina fa. Ran nan na leƙa murhunta, uku ne kacal. Ta ba mu biyu, ta durƙusa tana hura ɗayan."

Ɗinkin yana nan yana jirana, amma ban sake tsaki ba.

Ku fa, wa ya taɓa ba ku daga abin da bai ishe shi ba?