Karfasar da Ta Kawo Mu Makka

Ban taɓa mantawa da ranar da na fara shiga jirgin kamun kifi ba, kuma ba na jin zan manta. Ku da muke suyar kifin Jidda tare a nan unguwar Misfala ta Makka kun sa mini suna Uwar Tsoro, don ba na juya kifi a kasko ban leƙa 'yata Barmani ba. Tayyib, ba laifi, na karɓi sunan. Amma ku ji abin da tsoron nan ya taɓa yi mana.

Lokacin muna hanya, yaƙin Turawa bai daɗe da ƙarewa ba. Ayarinmu ya yada zango a Sudan, bakin madatsar ruwa ta Sinnar, inda Hausawa masunta suke. Ga yadda aikin yake, don wasunku a nan aka haife su. Sarkin ruwa ne babba, shi ke raba jirage. Maza su shiga ruwa, mu mata mu gyara kifin mu yi banda. Rabo kuwa na gidan da mutuminsa ya zauna cikin jirgi ne. Madugu ya riga ya faɗa: ayari zai tashi zuwa Sawakin, bakin teku, da tsayuwar wata, kuma gidan da bai cika kwandon bandarsa ba sai ya jira baɗi, don ba ya ɗaukar mai cin guzurin wani.

Sai zazzaɓi ya kwantar da maigidana, kwandonmu ko rabi bai kai ba.

Ga shi kaka ta shigo. A kaka ake rufe ƙofofin madatsa, ruwa ya taru ya shanye gabaruwar bakin gaɓa, ya fara sanyi. Karfasa sai ta bar bakin ruwa ta gangara gindin itatuwan nan da suka nutse, ta lafe. Raga ba ta shiga wurin, ƙaya ke yaga ta. Sai fatsa, wato zare da ƙugiya da tana. Kuma kifin sanyi ba ya fizga, taɓawa kawai yake yi.

Na je wurin Sarkin ruwa, Baba Ɗanjuma, wani tsoho mutumin Yawuri mai kaifin baki. Na durƙusa na ce ya ba ni mazaunin maigidana. Ya yi dariya har da tari, ya ce shi bai taɓa ganin masunci da ɗankwali ba. Da ya ga ban tashi ba, ya ce in zo da hantsi, don a sanyi kifi ma sai rana ta ɗaga yake neman abinci.

Na zo da Barmani a bayana, lokacin ko zama ba ta fara ba. Baba ya tare ni da filafilin tuƙa jirgi.

"'Yata, kwance goyon nan. Jirgina ba ya ɗaukar mai goyo. In ya kife, mutum biyu za mu nema maimakon ɗaya."

Ku sani, wan Barmani na binne shi a hanya, kafin mu shigo Sudan. Barci ya yi bai farka ba. Tun da aka haife ta ban taɓa yin nisan da ba zan ji kukanta ba. Iya Tabawa, babbarmu a wurin banda, ta miƙo hannu ta ce in kawo, ta goyi waɗanda suka fi ta rigima. Na kwance zanen, na miƙa mata ita.

Muka kai kan itatuwan, Baba ya ɗaure jirgi a wani reshe da ya leƙo sama. Ya nuna mini yadda ake sakin zare har ƙugiya ta taɓa ƙasa, sannan a ɗago ta kamu ɗaya. Na saki. Na jawo, ba tana ba kifi. Haka na yi ta ciyar da su, don idona yana kan hayaƙin banda a gaɓa. Masuntan jirgin kusa suka ce a bar ni, sadaka na zo yi wa karfasa.

Baba bai yi dariya ba wannan karon. Ya tambaye ni, in yarinyar tana barci, da me nake gane tana numfashi. Na ce ɗan yatsa nake sawa a ƙasan hancinta.

"To juya wa gaɓa baya. Ɗora zaren a kan yatsan nan. Abin da kike jira bai fi wannan numfashin ƙarfi ba."

Na juya. Na rufe ido. Zaren yana da sanyi, jirgi yana ɗan lilo. Can sai na ji shi, wani ɗan motsi kamar ba a yi ba. Na san irinsa, kullum shi nake nema. Na ɗaga hannu, zare ya yi nauyi, sai ga karfasa mai faɗin faifai tana dukan cikin jirgi.

Daga nan ban san yadda rana ta yi ba. In sa tana, in saki, in saurara, in ɗaga. Masu yi mini ba'a suka matso da jirginsu suna tambaya ko layar wane malami na ɗaura. Baba ya ce layar tana can gaɓa tana tsotsar hannu. Da la'asar muka fito, kifi ya rufe mana ƙafafu. Ban tsaya rabo ba, na yi tsalle cikin ruwa har gwiwa na nufi Iya Tabawa. Barmani tana barci a bayanta. Na sa yatsan, da ƙarnin kifinsa da komai. Tana numfashi.

Na ci gaba da shiga jirgin har wata ya tsaya. Kwandonmu ya cika har Iya ta danna da gwiwa kafin ya ɗauru. Maigidana ya miƙe da romon karfasar nan, kuma da ita muka ƙetare teku muka ga Ka'aba da idonmu.

Abin da na koya, kamun kifi ba ƙarfin dantse ba ne kawai, wani lokaci sauraro ne. Masunta kuma bakinsu ne da ƙaya, cikinsu babu. Baba bai ce in daina tsoro ba, wurin da zan ajiye shi ya nuna mini.

Khalas, labari ya ƙare. Zinatu, riƙe mini matsamin nan kada kifin ya ƙone. Yarinyar nan ta yi shiru da yawa, bari in leƙa.