Tukunyar Waken Apolina

A Bandra aka haifi Apolina Rebello, tun garin yana cin gashin kansa, da tsofaffin coci-cocin Turawan Fotugal da gonakin shinkafa. Duk watan Mayu takan dafa wake don masu addu'a a gindin gicciyen da kakanta ya kafa lokacin annoba. A da mutum sittin ke zuwa. Yanzu birnin Bombay ya haɗiye garin, maƙwabta sun watse, gicciyen ya koma bakin ƙofar wani dogon bene.

Bana ma ta cika tukunyar fal, ta zauna jira. Maigadin benen kaɗai ya leƙo.

"Anti, ja tukunyarki, mota za ta fita. Ke baƙuwa ce a unguwar nan?"

Ta waiga neman wanda zai shaide ta. Babu kowa. Ta ja tukunyar.